Ganyen da Aka Aika Rabat

Rabat, 9 ga Mayu, 1986

Zuwa ga Gwaggona Itto,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Baba da duk mutanen Tizgi. Yaya gwiwar taki? Ni lafiyata ƙalau, sai dai burodin birnin nan da ba ya riƙe ciki. A gaida Si Lahsan mai rubutu, da zai karanta miki wannan a kasuwar Alhamis. Ina roƙonsa ya karanta yadda na rubuta, kada ya ƙara gishiri.

Gwaggo, alfarma nake nema. Bana ce shekarata ta ƙarshe a karatun haɗa magunguna, kuma an ce kowa ya zaɓi tsiro ɗaya ya yi bincike a kansa. Ni ban yi dogon tunani ba, na ce tayrart. Na ba malaminmu labarin yadda kike daka ta da man zaitun ki ɗaure wa mai rauni, har na naɗe hannun riga na nuna masa inda murhu ya ƙone ni ina 'yar shekara shida. Ya duba tabon ya ce, "Wane likita ne ya yi miki wannan aikin?" Na ce masa likitar ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba, amma in ta daka tsawa har alfadari shiga taitayinsa yake yi. Ya yi dariya ya ce a kawo ganyen.

Don Allah ki aiko min da shi busasshe, mai ɗan yawa. Malamin da kansa zai duba, kuma in an dace sunanki zai shiga littafin da zan rubuta.

'Yarki,
Tuda

Tizgi, 21 ga Agusta, 1986

Tuda, 'yar ƙanena,

Salamu alaikum. Si Lahsan ya so ya fara da "gaisuwa mai ƙamshin furanni", na ce masa ya rubuta sallama kawai, ai ba aure nake nema ba. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ni da ita mun saba. Tunkiya mai baƙin kunne ta haifi biyu.

Na san kin ƙosa, wata uku shiru. Ki yi haƙuri. Abin da babban malami zai ɗora wa ido ba a yi masa gaggawa, ba kuma ni ce zan sa ki sunkuyar da kai a gaban mutanen Rabat ba. Ga shi na ba direban motar kasuwa ya kai miki, cikin farin ƙyalle sabo. Da kin buɗe za ki san gwaggonki ba ta yi barci ba. Na haɗa miki da busasshen ɓaure da 'yar zuma. Ki ci da kanki, kada ki rabar wa 'yan matan ɗakinku, na san halinki.

Ubanki Bassu yana nan, bakin nan nasa bai mutu ba. Da aka karanta mana zancen littafi sai ya ce, "To a sa sunana ni ma, ai a jikina kika koyi rabin aikin." Na ce masa, "In za a rubuta sunan duk wanda ya sare kansa da lauje don wauta, littafin ba zai ɗauku ba." Tun ranar yake kirana Malama Likita a gaban mutane, har matan maƙwabta sun ɗauka. Ina nuna ba na so, amma ke zan gaya wa gaskiya, ina jin daɗi.

Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki Itto

Rabat, 18 ga Oktoba, 1986

Gwaggona,

Ina gaishe ki da Baba, ina fata sanyi bai fara damunku ba. Saƙo ya iso lafiya, ɓauren kuma ni kaɗai na cinye, Allah ne shaidata. Ganyen ya ba kowa sha'awa. Malaminmu ya ɗaga shi a haske ya ce bai taɓa ganin tayrart mai faɗi da kore haka ba. Ni ma na yi mamaki, don ba haka nake tuna ta ba, amma shekarata biyar rabona da in gan ta a hannunki, sai na ce ƙila idona ne ya manta.

Gwaggo, kaina ya ɗaure, kuma ban san ta inda zan fara ba. Ga yadda muke aikin. Muna jiƙa ganyen a wani ruwa da ke tsotso ƙarfinsa, mu tace. Muna da ƙananan faranta na gilashi da muke renon ƙwayoyin cuta a ciki, irin waɗanda ke sa rauni ya yi mugunya. Sai mu ɗiga ruwan ganyen a tsakiya mu jira kwana ɗaya. In akwai magani, ƙwayoyin za su mutu a kewayen ɗigon, a ga fili wayam kamar zobe.

Na yi na farko, babu zobe. Na ce hannuna ne. Na sake, babu. Na uku malamin ya tsaya a kaina tun daga jiƙo har ɗigawa, washegari muka buɗe, ƙwayoyin nan sun yi shar har a kan ɗigon, kamar tuwo muka ba su. Ba mu sami komai a cikinsa ba, Gwaggo. Ya dafa tebur ya ce, "Yakan faru. Wani lokaci rauni da kansa yake warkewa, ganye ya kwashi yabo." Na fito na zauna a matakala ina kallon hannuna kamar ba nawa ba.

Ki yafe min wannan tambaya. Kin tabbata tayrart ce kika aiko? Ba ina nufin ba ki san ta ba, ni ce dai na rasa abin kamawa. Kada ki sa abin a ranki, zan ci gaba da dubawa.

Tuda

Tizgi, 13 ga Nuwamba, 1986

Tuda,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai dai ni ba na cin abinci sosai.

Na sa Si Lahsan ya karanta min takardarki sau biyu, na kuma kai wa liman ya karanta, ko wancan ya yi tsallake. Duk abu ɗaya suka faɗa, wai ba a sami komai a ciki ba. Ki fahimtar da ni, 'yar nan, don kaina ya yi nauyi. Komai ɗin nan, ko kaɗan ake nufi? To me ya rufe ƙafar mai niƙa da dutse ya danne? Me ya warkar da bayan matar liman? Shekara arba'in ke nan tun da uwata ta ɗora min turmin nan. In raunin da kansa yake warkewa, me nake yi a tsakani? Na zauna ina ƙirga mutanen da suka tako daga ƙauyuka uku suka zo ƙofata, wasu a goye, sai na ji kunya ta rufe ni kamar an kama ni da kayan wani.

Ke kin yi karatu, kina da gilashin da ke ganin abin da idona ba ya gani, kuma ba za ki yi min ƙarya ba. Don haka na daina. Shekaranjiya wata ta zo da yanka a tafin hannu, na ce ta je gari wurin masu allura. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Lalla Itto, laifin me na yi miki?"

Amma tambayar da kika yi ta ƙona min rai. Wai ko tayrart ce! Ni da na ciro ta da saiwarta daga kan dutse a ranar da takardarki ta farko ta zo, na dasa ta a lambu a bakin hanyar ruwa, a inuwar ɓaure. Takin tumaki na zuba mata, safe da yamma ina ba ta ruwa wata uku cur, na kewaye ta da ƙaya kada akuya ta taɓa. Da ta yi kyau na zaɓi manyan ganye ɗaya bayan ɗaya, na wanke su sau uku, na shanya a rana tsaka. Ko so kike in aika wa babban malami waccan ta kan dutse da nake daka wa mutanen gida, ƙanƙanuwa mai launin toka, duk ƙura, wadda awaki suka ci suka rage? A gidanmu ba a taɓa miƙa wa baƙo irin abin da muke ci yau da gobe ba, kin sani. In wadda aka yi wa gata haka ba ta da komai, ina ga waccan marainiyar?

Ubanki ya sare ƙwaurinsa da gatari wajen faskaren itacen sanyi. Ba wani babba ba ne. Na wanke da ruwan gishiri na ɗaure. Ya ce, "Malama Likita, ina koren abin naki?" Na ce ya tambayi 'yarsa.

Itto

Rabat, 22 ga Nuwamba, 1986

Gwaggo,

Ina gaishe ku, amma yau ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Si Lahsan, don girman Allah ka karanta mata wannan a hankali, in ya yiwu ka aika wani ya kirawo ta kafin ranar kasuwa.

Gwaggo, ba a gwada maganinki ba! Ko sau ɗaya ba a gwada shi ba. Da na karanta zancen lambu na tashi da takardar a hannu har ofishin malaminmu, ban ma ƙwanƙwasa ba. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Ta shayar da ita? Ta sa mata taki?" Na ce wata uku. Ya riƙe kai. Ya ce irin waɗannan tsirrai na kan dutse, sau da yawa wahala ce ke sa su tara ɗaci da ƙarfi a jikinsu, wato ƙishirwa da zafin rana da cizon dabba. In aka ba su inuwa da ruwa sai su yi faɗi su yi kyau, ƙarfin ya tsinke. Wankin nan sau uku da shanyar rana tsaka kuma ƙila sun tafi da ɗan abin da ya rage. Ya ce bai ce lallai akwai magani a ta kan dutsen ba, amma babu wanda ya isa ya ce babu, tunda ba a duba ba.

Laifina ne. Ni na ce miki malami zai gani, na kuwa san gidan da na fito. Ni ce kuma na rubuta "ba mu sami komai ba" ban tsaya na ce a wannan ƙullin kaɗai nake nufi ba. Tun jiya nake dariya ina kuka, 'yan ɗakinmu sun zaci na zautu.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Ki koma kan aikinki. Ki ɗauko ta buhun nan ta kullum ki ɗaure wa Baba yadda kika saba. In kuma kika ga wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, kada ku jira komai, a ɗora shi a alfadari a kai shi asibitin gari. Saran gatari ba abin wasa ba ne, kuma na san shi, zai ce ba komai har sai ya kasa tashi.

Ki ba ni amsa da motar farko.

Tuda

Rabat, 6 ga Janairu, 1987

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Sati shida ke nan ban ji daga gare ku ba. Ban sani ba ko fushi kike da ni, ko takardata ce ba ta iso ba, ko ta iso kin ƙi yarda. Kowace safiya da abin da nake zaɓa in gaskata.

Na ji a rediyo dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyin dutse. Da aka ba mu hutu na shiga mota har garin kasuwa. Rumfar Si Lahsan a kulle, an ce ya tafi wurin 'yarsa sai sanyi ya sauka. A gidan waya suka ce buhun wasiƙun ƙauyukan sama yana nan a ajiye, ba su san ko tawa tana ciki ba, kuma ba a buɗewa. Na nemi mai alfadari ya hau da ni, ya dube ni ya ce, "'Yar Bassu, ko aljani ba ya hawa Tizgi a satin nan." Na tambaye shi labarin Baba, ya ce rabonsa da ganin mutumin sama tun farkon Disamba. Na kwana biyu na juyo.

Yaya ƙafar? Ko layi ɗaya ne a rubuto min.

Tuda

Tizgi, 12 ga Fabrairu, 1987

Tuda, 'yata,

Salamu alaikum. Ubanki yana da rai, wannan na fara faɗa miki. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Takardunki biyu yau suka zo hannuna tare, da hanya ta buɗe. Si Lahsan ya karanta ta farko, da ya kai tsakiya muryarsa ta sauya, ya ce ko in sha ruwa tukuna. Na ce ya ci gaba.

Kin ce in ɗauko ta buhu. Babu buhu, Tuda. Ranar da na dawo daga wurin liman na zazzage shi duka a tanda na gasa burodi da shi. Ban gaya miki ba a waccan takardar don kunya. Girbin shekara guda ne, kuma duk Tizgi babu mai ajiye ta sai ni, tunda kowa ƙofata ya sani.

Ƙafar ta yi kamar za ta rufe, sai ta buɗe. Ya ɓoye min kwana biyar, har sai da na ji wari. Ranar da na kwance ɗaurin na ga abin da ke ciki, ƙanƙara ta riga ta kwana uku tana zuba. Ya ce, "Itto, sa min abin naki, ko ba komai a ciki na saba da shi." Na ce masa na ƙone. Sai ya ce, "To ai shi ya sa burodin ya yi ɗaci." Ko a nan bai fasa tsokana ba. Na ɗauki fartanya na hau dutse, ƙanƙara har cinya, na tona wuri uku inda na san tana fitowa, ban samu ko tsinke ba. Na sa zuma, na sa gishiri, na sa duk abin da na sani.

Da zazzaɓi ya fara sa shi kiran sunan mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, maza shida suka ciro ƙyauren ɗaki suka ɗora shi a kai. Yini biyu suka yi kafin su kai inda mota take. Likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu, sun ce da an ƙara kwana ɗaya da sai dai gawa. Sun yanke daga ƙasan gwiwa.

Yana can har yanzu, matar liman ce ke jinyarsa da ni, muna karɓa-karɓa. Ya ce in gaya miki kada ki bar karatu ki taho, wai ƙafar ba za ta tsiro don kin zo ba. Ni dai na ce ki zo.

Itto

Tizgi, 14 ga Mayu, 1987

Tuda,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ubanki ya fara zagaya tsakar gida da sanda, jiya har ya kai bakin lambu. Yana gaishe ki.

Kwana huɗun da kika yi a nan mun yi zancen tumaki, mun yi zancen rufin ɗaki, ba mu yi wancan zancen ba. Kin yi ta kallona, na yi ta kallon tukunya. Ban riƙe ki da komai ba, ki cire wannan a ranki. Ke kin faɗi abin da farantinki ya nuna miki, ni kuma na yi abin da aka koya min a gidanmu.

Tayrart ta fito a kan dutse. Na hau ranar Litinin na tsinko da hannuna, ga ta nan a tsohon buhun gishiri. Ban wanke ba, ban zaɓa ba, da ƙurarta da cizon akuyarta. Sau biyu na kwance ƙullin zan cire munanan, na daure na mayar. Direban ya tambaye ni ko shara ce nake aika wa Rabat.

Tun da na ɗaure buhun nake juya abu ɗaya a raina, na kasa samun bakinsa. In kika ɗiga kika ga zoben nan naku, to akwai magani, ni ce kuma na ƙone shi da hannuna sati biyu kafin ƙanena ya buƙace shi. In ba ki gani ba, to ba ni na jawo masa ba, amma shekara arba'in ciyawa nake ɗaura wa bayin Allah suna yi min godiya. Na ɗaga hannu bayan sallah zan roƙa, na rasa wanne zan roƙa, na shafa haka nan.

Mutane sun fara dawowa ƙofata. Ina ce musu su jira takarda daga Rabat. Ki gwada, 'yar nan. Abin da kika gani ki rubuto shi yadda yake, kada ki gyara min shi.

Gwaggonki Itto